Babi na Bakwai: Dabbar da Ba Ta da Mai Ita

Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, tana kan titin da ya haɗa Nguru da Gashuwa, kuma duk direban da ya saba bin titin nan ya san inda zai rage gudu ko babu shingen jami'an tsaro. Da ya hango gidajen farko sai ya ɗaga ƙafa, saboda awaki na kwance a bakin kwalta suna tuƙa, tumaki na tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, ga jaki ya tsaya inda ya ga dama. In dare ya yi kuma karnuka ke fitowa, su bi bayan rumfunan masu nama da masu shayi suna kalen abin da ya zube. Haka abin yake a Nguru da Gashuwa, sai dai can jama'a sun fi yawa, juji ya fi tudu.

Kusan duk dabbobin nan suna da gidan da suke komawa. Amma a lura da wani abu. Ranar da mota ta buge akuya, kafin direba ya buɗe ƙofa mai ita ta iso, ta san haihuwa nawa ta yi, ta san kuɗin da aka taya ta a kasuwar da ta wuce. Ranar da kare ya ciji yaro kuwa, sai a zaga unguwa kaf ba a sami mai shi ba. In an matsa wa maigidan da kowa ya san a ƙofarsa karen yake kwana, sai ya ce wa bulama: "Ranka ya daɗe, ai ba nawa ba ne, na yara ne." Ko kuma: "Da kansa ya zo, mu dai muna zuba masa ƙanzo." Duk dokar da za a kafa a kan dabbobin cikin gari, a nan za ta tsaya ko ta faɗi: dabbar nan, akwai mutumin da zai amsa sunanta ko babu?

Iyayenmu suna da amsar wannan tambaya, kuma tsarinsu ya daɗe yana aiki. Da ruwan shuka ya sauka, bulama ko lawani zai sa mai shela ya zaga gari: kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar sai turke da igiya, yara su ɗauki lauje su fita yankan ciyawa, wasu unguwanni kuma su haɗa dabbobinsu a hannun makiyayi guda suna biyansa. Akuyar da aka kama a gona ƙofar bulama ake kai ta, a yi cigiyar mai ita, a tashi dattawa biyu ko uku su je su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta ta da dami ko da mudu. Mai akuya ya biya, ko mai gona ya yafe saboda maƙwabtaka. In an kawar da amfanin gona sai a saki dabbobi su ci kara da abin da ya rage, su bar wa gonar taki.

Tsarin nan yana da gindi a fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure. Asalinsa shari'ar taguwar Barra'u ɗan Azibu ce, wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna a zamanin Manzon Allah (SAW), aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai dabba ne zai biya. Malamai sun yi magana a kan kare mai cizo ma: in an gargaɗi mai shi bai yi komai ba, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa. Saboda haka wanda ya ce dokar dabbobi baƙuwa ce da aka kwaso daga Turai, bai duba littattafan da ke cikin gafakarsa ba.

Gari ne ya fi ƙarfin tsarin. Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930 garin ya zama matattarar baƙi masu cinikin ƙaro da gyaɗa da fatu da shanu. An ƙirƙiri jihar Yobe a 1991, ma'aikata suka ƙaru. Aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013, unguwanni suka miƙe zuwa inda a da gonaki ne. Bulaman da ya san kowane gida da abin da ke ɗaure a cikinsa yanzu yana da magidantan da bai taɓa gaisawa da su ba. Ga kuma noman rani. A fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da bakin kogin da ya ratsa Gashuwa, injin ban-ruwa ya sa akwai shinkafa da alkama da albasa da tattasai a ƙasa a daidai watannin da aka saba sakin dabbobi. Tsohon lissafin ɗaurewa da damina, saki da rani, bai san da wannan ba.

Abin da akuyar cikin gari ke kiwo a yau ma ya canza. Je ka kwata da sassafe ka tsaya kusa da masu wanke kayan ciki. Za ka ga an tsaga tumbi an ciro dunƙulen leda da tsumma da guntun igiya, ya murɗe ya yi tauri, wani sai an sa hannu biyu. Akuyar da ke ɗauke da wannan, cikinta a kumbure yake, ƙashin bayanta a waje, ba ta cin kirki. Mai ita tana zaton tsutsar ciki ce, tana ta saya mata magani, har ranar da za a kira mahauci a guje ya saye ta da arha. Yawancin awakin nan na mata ne, su ne asusunsu na ranar biki da ranar ciwo, kuma ba don sakaci suke sakinsu ba. A bazara harawa da dusa sai mai hali. Dokar da za ta ce wa bazawara mai awaki uku ta ɗaure su shekara zagaye, ba tare da an tanadi makiyayar gari ko makiyayin unguwa ba, a takarda za ta ƙare, kuma ba zan ga laifin bazawarar ba.

To wa ke da alhakin gyara? Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ɗora mata kula da yadda ake ajiye dabbobin gida kowane iri da yadda suke zirga-zirga. A jadawalin nan dai aka ba ta mayanka da kasuwanni da kwashe shara. Wato kare, da kwatar da yake cin ragowar nama, da jujin da yake kwana, duk a hannu ɗaya suke. A sama akwai dokar tarayya ta yaƙi da cututtukan dabbobi, wadda aka sabunta a 2022, akwai kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024. Amma daga Abuja babu mai iya sanin karen da ke kwana a bayan tashar motar Jajimaji. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, talaka na da damar ya tambayi kansilansa: ban da rasit ɗin da ake yanka wa mai sayar da akuya ranar kasuwa, me aka ware wa wannan aiki?

Maganar kare ta fi ta akuya gaggawa, saboda cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunta. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya san unguwanninmu ba zai yi mamaki ba. Yaro ke wasa da kwikwiyo, shi ke jifan kare, shi ke fita farautar gafiya da zomo, kuma saboda gajartarsa cizon kan same shi a hannu ko wuya ko fuska. Sannan ya ɓoye ciwon don tsoron faɗa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne almajirin da ke bin gidaje da kwano bayan magariba, ya yi sallama a zauren da bai san akwai kare ba. In an cije shi, babu uwar da za ta ga jini a wandonsa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta rauni, jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa take jinkiri: galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwo ya warke, kowa ya manta. Sai wata rana zazzaɓi ya taso, da ƙaiƙayi ko zafi a wurin tabon, da rashin barci, da firgita. Mara lafiya na jin ƙishirwa, a miƙo masa ruwa, maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kofin a tsorace. Iskar mafici ma tayar masa da hankali take yi. A nan ne dangi kan ce iska ce ko sammu, a nufi wurin mai ruƙiyya ko mai magani. Ko an kai shi asibiti, in dai alamu sun bayyana, abin da likita zai iya shi ne rage masa wahala. Da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Mai irin wannan mutuwa a gida ake yi masa sutura, ba ya shiga lissafin kowa, sai hukuma ta ɗauka cutar ba ta da yawa.

Alhali kuwa tsakanin cizo da bayyanar alamu akwai hanyar tsira a buɗe. Abu na farko yana cikin kowane gida: sabulu da ruwa. A wanke ciwon ana kwarara ruwa buta bayan buta har minti 15, ko da ƙarzane ne kawai. Kada a shafa toka, kada a daka ganye a ɗaura. A ranar a tafi asibiti a fara allura, a koma a rana ta uku da ta bakwai, da duk ranar da likita ya ƙara. In cizon ya yi zurfi ko yana kusa da kai, akwai wani maganin da ake yi a kewayen raunin. Ba sabon ilmi ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da allurar a Faransa. Matsalar ita ce kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jinyar cizo ɗaya kan ci kimanin dala 108. Manomin da ke wani ƙauye a Karasuwa sai ya hau babur zuwa titi, ya shiga mota zuwa Nguru, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, ko zuwa Gashuwa, ba sau ɗaya ba kuma ba sau biyu ba. Akuyar matarsa ce za ta tafi kasuwa. Da yawa sukan yi allurar farko, su ga ciwo ya bushe, su ƙi komawa.

Shi kuma karen, yawanci kafin a dawo daga asibiti samari sun bi shi da sanduna sun kashe, an ja gawar an yar a kududdufi. Na san zafin rai ne ke sa haka, amma an zubar da shaida. Da yana da mai shi, da sai a tsare shi kwana goma ana ba shi abinci ana dubawa, yaron kuma yana karɓar allurarsa; in kwana goma suka cika yana garau, hankalin kowa ya kwanta. In ya mutu ko an kashe shi, likitan dabbobi ne ya kamata ya cire kan a aika ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924 kuma take haɗa allurar rigakafin karnuka. A kuma sani, ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizon iska ba. Wani shiru yake yi, ya laɓe a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na dalala. Mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale, ya cusa hannu a bakinsa. Makiyaya ma suna yin haka da saniyar da kare ya ciza makonni baya, in ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa ta kasa haɗiya.

Maganin abin daga tushe shi ne a yi wa karnukan allura, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Injamena, babban birnin Chadi, garin zafi ne irin namu, karnukansa a sake suke irin namu. A 2012 da 2013 hukumomin ƙasar tare da masu bincike daga Suwizalan suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, kuma a kowane zagaye sun haura kashi 70 cikin 100. Yaɗuwar cutar tsakanin karnukan birnin ta yanke, aka yi watanni ba a ga ko ɗaya ba, har sai da wasu karnukan suka shigo da ita daga waje. A birnin nan dai, shekarun baya da aka ce mai kare ya biya wani abu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka samu. Dalilin da kashi 70 ya wadatar shi ne, karen da ya haukace kwanaki kaɗan yake yi ya mutu, kuma karnukan da yake harba kafin nan ba su cika wuce ɗaya ko biyu ba. In bakwai cikin goma na waɗanda zai ciza suna da kariya, cutar ta rasa inda za ta koma. Da wannan hanya Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa mutanenta sun daina ɗaukar cutar daga kare.

Tsofaffin makiyayan yankinmu sun ga irin wannan da idonsu a kan cutar bushiya ta shanu. A 1962 aka fara gagarumin rigakafin shanu a ƙasashen tafkin Chadi, ana yi wa wadda aka yi wa allura shaida a kunne. Da aka saki jiki cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta share garkuna. Aka sake ɗaura ɗamara, har aka shelanta a 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Mutanen da suka kawo shanunsu layi a wancan lokaci ba za su ƙi kawo karnukan rigarsu ba, in aka bi ta hannun arɗo.

Abin da ya fi zuwa wa hukuma da sauƙi in an ciji mutane da yawa shi ne a ba da umarnin harbi ko a zuba guba a nama. An gwada wannan a tsibirin Bali na Indunusiya bayan ɓarkewar cutar a 2008, aka kashe karnuka dubbai, cutar ba ta fara ja da baya ba sai da aka koma ga allura. Guba tana fara cin karen da ya saba da mutane, wanda shi ne mai sauƙin kamawa a yi masa allura. Masu karnuka su ɓoye nasu ko su kai su ƙauye, cutar ta bi su can. Juji da kwata suna nan da abincinsu, karya kuma wata biyu take yi ta haihu, kafin shekara ta zagayo gurbin ya cike da 'yan kwikwiyon da ba su da kariya. Gubar nan ba ta tsaya kan kare ba, har ungulu take kashewa in ta ci gawar, ga shi dama ungulu ta yi ƙaranci a kwatocinmu, ita da a da take share abin da yanzu ya zama rabon karnuka. Karen da alamun hauka suka bayyana a jikinsa dole a kashe shi, amma da sanin likitan dabbobi, cikin gaggawa, ba tare da azabtarwa ba.

Shi kuma mai kare, ya daina fakewa da yara. In a gidanka yake ci, naka ne. Addini ya halatta riƙe kare don kiwo da gona da farauta, kuma a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, don haka babu dalilin ƙyamar da za ta hana magidanci riƙe igiyarsa ya kai shi wurin allura. Mun taso muna jin labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tsare kare ba yana nufin a ɗaure shi da guntuwar sarƙa a ranar Afrilu babu inuwa babu ruwa ba. Karen da aka yi wa haka shi ne ke zama mai cizo. In karya ta haihu, kada a zuba 'ya'yan a kwali a kai juji da dare, domin daga nan karnukan da ba su da kowa suke fitowa. Likitan dabbobi na iya yi mata aikin da zai tsayar da haihuwar. Kyanwa ma tana ɗaukar cutar, allurar kuma ɗaya ce.

Aikin da ke kan ƙaramar hukuma bai fi ƙarfinta ba. Littafi guda a hannun kowane bulama, a rubuta gida da sunan maigida da yawan karnukansa. Allura kyauta sau ɗaya a shekara, a ɗaura wa wanda aka yi wa igiya mai launi a wuya, yadda in ya yi cizo za a san matsayinsa. A fara da shugabannin mafarauta, domin su ne masu karnuka da yawa kuma su yara ke kwaikwayo. Ma'aikatan da suka bi gida-gida har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da shan inna sun san kowane lungu, sun kuma san yadda ake riƙe allura da sanyinta a garin da zafi ke wuce maki 40. Sai garken tsare dabbobin da aka kama suna yawo, mai inuwa da ruwa, a rubuta kuɗin fansa a allo kowa ya gani, a ba da rasit, kuma kada kuɗin ya kusanci farashin akuyar, in ba haka ba wurin zai koma hanyar ƙwace. Karasuwa ita kaɗai ba za ta iya ba, kamar yadda Injamena ta gani. Sai ta haɗa mako ɗaya da Nguru da Bade da Jakusko, da Machina da Yusufari da ke iyaka da Nijar, tunda karnuka na bin garken shanu da ayarin mafarauta suna ƙetare iyaka.

Duniya ta ware 28 ga Satumba don wayar da kai a kan wannan cuta, an kuma sa 2030 a matsayin shekarar da ake son mutuwa daga cizon kare ta ƙare. Ranar ta dace da huɗuba da shirin rediyo. Amma a ƙasar Manga da Bade ƙarshen Satumba lokacin girbin gero ne, magidanta da yara duk suna gona, karnukan ma suna can tare da su. In za a fitar da allura, a bari sai Disamba ko Janairu, an shigar da hatsi rumbu, sanyi ya sauka, makiyaya sun gangaro fadama.